Mesata Tana Fito Cikin Dare, Inna Ta Ce In Fitar da Ita

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Shekara biyu ke nan ina kiwon wata ƙaramar mesa, irin wadda in ta tsorata take naɗe jiki kamar gammo ta cusa kai a tsakiya. A hannun wasu yara na fanshe ta a hanyar Pitowa, sun ɗaure ta za su kashe. Tana cikin akwatin katako mai murfin raga, a ƙasa, a kusurwar ɗakina na ƙofar gida. Tun da hunturun nan ya kama, in dare ya tsala sai in ji tana wani siririn fito, wani lokaci ƙas-ƙas. Kwana huɗu da suka wuce na ga kumfa a gefen bakinta, tana ɗaga kai sama tana buɗe baki. Mako biyar rabonta da ɓera. Abokina ya ce in fasa kafso ja-da-rawaya in dama in ɗura mata, in kuma shafa mata man zafi a hanci. Inna kuwa, wadda tun farko ba ta so, ta ce wannan fiton na mutanen ɓoye ne, ko in fitar da ita daga gidan ko ta sa a kashe ta. Ba na so in saɓa wa Inna, ba na kuma so dabbar nan ta mutu a hannuna. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka ɗauke akwatin nan daga kan siminti. Ɗora shi a kan tebur ko benci, nesa da ƙofa da taga, ka rufe rabin ragar da bargo. In ka yi, dawo mu ci gaba.

Abin da ka kwatanta ciwon huhu ne, kuma ya yi nisa. Da fito ne kaɗai da ban damu sosai ba, domin mesa kan yi shi in ta kusa saɓa, ko in busasshiyar tsohuwar fata ta maƙale mata a ƙofar hanci. Ƙin ci ma ba hujja ba ne shi kaɗai: irin wannan mesa, wadda masu Faransanci ke kira piton royal, ta shahara da yin wata biyu ko uku ba ta ci a lokacin rani, kuma lafiyarta ƙalau. Amma kumfa a baki, da ɗaga kai, da numfashi baki buɗe, waɗannan ukun in suka haɗu babu sauran tantama. Maciji mai lafiya da hanci yake numfashi, bakinsa a rufe. In ka ga ya buɗe baki yana jan iska, majina ta riga ta toshe masa hanya.

Akwai dalilin da ya sa mura da za ta sa ka atishawar kwana uku take kai maciji lahira. Ni da kai muna da wani faffaɗan tantanin nama tsakanin ƙirji da ciki, shi ne ke ba mu ƙarfin tari har mu kako majina mu tofar. Maciji ba shi da wannan tantani, don haka ba ya tari ko kaɗan. Huhunsa kuma doguwar jaka ce da ta bi tsawon jiki. Yawancin macizai huhun dama kaɗai ke musu aiki. Dangin mesa suna da na hagu, amma ƙarami ne. Duk majinar da ta taru sai ta kwanta a ƙasan jakar nan ta yi kauri. Mugunyar maciji ma ba ruwa-ruwa ba ce irin tamu, daskararra ce kamar cuku. Ɗaga kan da ka ga tana yi, neman hanyar iska take.

Ina ciwon ya samo ƙofa? Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da aka fi samu a huhun maciji, irin su Pseudomonas da Aeromonas da Klebsiella, galibi dama suna nan a bakinsa da wurin kwanansa, ba sa yi masa komai muddin jikinsa na da ƙarfi. Ƙarfin jikin maciji kuwa a hannun ɗumi yake. Ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, aro yake yi daga wurin da ya kwanta. In wurin ya yi sanyi, narkar da abinci ta tsaya, garkuwar jiki ta yi barci, ƙwayoyin nan su samu fili.

Za ka ce ai 'yar ƙasar nan ce, danginta na daji ma hunturun nan suke sha. Ba su sha, ɗana, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ta daji tana can ƙarƙashin ƙasa, a ramin gafiya ko cikin suri, inda ɗumi da danshi ba sa sauyawa sosai tsakanin dare da rana. Taka kuwa tana kan siminti, ƙarƙashin rufin kwano, a watan da daren Garwa ke sauka ƙasa da digiri 20, wani daren ya doshi 15, danshin iska da rana kuma ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura. Ita abin da take so, gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 26 zuwa 27, da dare kada ya gaza 24, danshi kuma kashi 50 zuwa 60. Duba tazarar da ke tsakanin nan da abin da take ciki. Bara ta jure, bana ta kasa. Masu karatu na Ngaundare, inda gari ke bisa tudu sama da mita 1,000, ku naku ya fi haka tsanani. Na Marwa da Kusiri da Injamena kuwa bushewar iska ce ta fi cinku.

Saboda haka rabin maganin ɗumi ne, kuma shi ne rabin da ke hannunka. Sayi ma'aunin zafi, ko na 'yan kuɗi kaɗan ne, ka sa shi a ƙasan akwatin inda cikinta ke taɓawa. Kada ka auna da tafin hannu. Hannun da ya wuni riƙe da dutsen guga ba ya sanin digiri 22 daga 30. Yanzu da take jinya, riƙe gefen ɗumin a 32 zuwa 33 dare da rana, kada ka bari sanyin asuba ya same ta. Ƙwan lantarki irin na da, mai zafi, wanda masu kiwon kaji ke kunna wa 'yan tsaki, zai yi, amma a wajen raga, a gefe ɗaya, inda ba za ta iya naɗe shi ba. In an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, cika jarka ko kwalba biyu da ruwan zafi, naɗe su da tawul mai kauri, ka jingina a jikin akwatin, ka sauya wajen ƙarfe uku na dare. Na ce da tawul, kuma da gaske nake. Maciji yakan kwanta a kan abu mai ƙuna har cikinsa ya sale bai matsa ba. Gefe ɗaya kaɗai za ka ɗumama, domin ta samu wurin gudu in zafi ya ishe ta. Akwatin da ya zama tanda gaba ɗaya ya fi sanyi saurin kisa. In watan Afrilu ya zo, Garwa ta haura digiri 40, wannan magana ce za ta zama damuwarka.

Kaskon gawayi kada ya shiga ɗakin. Haka turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa da na feshi. Maganin ƙwari guba ne ga maciji ko da lafiyarsa, balle mai huhu a cushe.

Danshi kuma da dabara ake ba da shi. Kada ka jiƙa ƙasan akwatin. Sanyi da jiƙa da rashin iska su ne gadon ciwon. Kwashe duk abin da ka shimfiɗa mata, musamman in garin katako ne ko yashi, ka wanke akwatin, ya bushe, ka shimfiɗa takarda, fara in da hali, don ka riƙa ganin abin da ke fita daga jikinta. Sa faffaɗan kwano na ruwa mai tsabta kusa da gefen ɗumi, kana sauyawa kullum. Sannan nemi ƙaramar tukunyar ƙasa, fasa mata ƙofa a baki, goge kaifin, jiƙa ta, ka kifa a ciki. Ka yi mata suri ke nan. Tukunya tana riƙe ruwa tana sakinsa a hankali, yadda randa ke yi, ita kuma ta samu maɓoya, wanda mesa ke buƙata kamar abinci.

Yanzu abokinka da kafsonsa. Bari in ba ka labarin kaina, ko da ba na jin daɗin tuna shi. Ina sabon malamin dabbobi a wani gari, wani gardi ya kawo min mesa mai irin wannan kumfa. Ni abin da na sani shanu da tumaki. Na dama magani a sirinji, na buɗe bakinta, na ɗura kamar yadda ake yi wa ɗan maraƙi. Ban san cewa ƙofar maƙogwaron iska na maciji a gaba take ba, a ƙasan baki, dab da bayan harshe, wani ɗan rami da ke buɗewa yana rufewa. Halittarsa ke nan don ya iya numfashi yana haɗiyar abin da ya fi kansa girma. Abin da na ɗura, rabinsa huhu ya tafi. Ta yi wata miƙa, ruwan ya fito ta hanci, washegari gardin ya zo ya tsaya a ƙofa bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Garin neman gira na rasa ido. Kada ka ɗura mata komai, ko ruwa, ko ɗanyen ƙwai, ko zuma. Kafson nan an auna shi ne don mutum mai kilo 60, mesarka da wuya ta wuce kilo ɗaya da rabi, kuma ba lalle ne ma ya taɓa irin ƙwayoyin da na ambata ba. Man zafi kuwa ƙona mata hanci zai yi, maiƙonsa ya ƙara toshe 'yar ƙofar da ta rage.

Sauran rabin maganin na likita ne, kuma da kumfa a baki ba zancen jira ba ne. Gobe nake so ka je, ba jibi ba. Na san abin da za ka ce: likitocinmu na dabbobi shanu suka sani da kaji. Haka ne, amma Garwa ta fi garuruwa da yawa sa'a. Ga Makarantar Namun Daji da aka buɗe tun 1970, wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu Faransanci. Ga gidan zu. Ga babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Bokle. Jami'ar Ngaundare kuma tana da makarantar likitancin dabbobi. Fara da likitan da ke kusa da kai, in ya ce bai taɓa duba maciji ba, ka roƙe shi ya tuntuɓi waɗannan wurare. Likitan da ya ce "ban sani ba, bari in tambaya" shi nake so maka, ba wanda zai zaro allurar shanu mai dogon zango ya caka mata ba. In za ka kai ta, sa ta a jakar yadi mai tsabta, ka ɗaure baki (kai tela ne, ɗinka ta yau), jakar a cikin kwali tare da kwalbar ruwan ɗumi. Kada ka goya ta a babur da sassafe iska na dukanta. Bari rana ta ɗaga.

Ga abin da ya kamata a yi a can, don ka san abin da za ka sa ido a kai. A auna nauyinta a sikeli, ba da ido ba. A buɗe bakin a hankali a duba dasashi, domin ruɓar baki da ciwon huhu tare suke tafiya: jajayen ɗigo, kumburi, ko farin abu mai kauri a gindin haƙora. In da hali a ɗebi majinar a kai ɗakin bincike, a san wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta. Allurar da likitocin macizai suka fi farawa da ita ceftazidime ce, miligiram 20 ga kowane kilo, sau ɗaya duk bayan awa 72, domin jikin maciji a hankali yake sarrafa magani. Yi lissafin da kanka: mesa mai kilo ɗaya da rabi miligiram 30 take buƙata, kwalbar da ake sayarwa a farmasi kuwa miligiram 1,000 ce. Abin da ke ciki ya ninka rabonta fiye da sau 30. Shi ya sa na faɗi adadin don likita, ba don kai ba. Ana yin allurar a naman gefen ƙashin baya, a sashen gaba na jiki, tsakanin ɓawo da ɓawo, ana sauya gefe. Enrofloxacin da masu kaji suka sani shi ma ana amfani da shi, sai dai allurarsa tana cin nama in an maimaita. Gentamicin da amikacin kuwa suna lalata ƙodar dabbar da ruwan jikinta ya ƙafe, wadda kuma ta yi mako biyar a hunturu ba ci, sai a ɗauka ya ƙafe. Jinyar takan ɗauki mako uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a allura ta uku don fiton ya tsaya; bayan wata ɗaya ciwon ya dawo, maganin kuma ya daina jin sa. Kuma allura a jikin maciji mai sanyi asarar kuɗi ce. In ka koma gida ka mayar da akwatin kan siminti, kada ka zargi likita.

Wasu likitoci kan ƙara da sirace, amma ba irin namu na tukunya da bargo ba, wanda zai dafa ta. Na'urar nan ce ta masu asma, a zuba ruwan gishiri na asibiti, a tura hazon cikin rufaffiyar roba mai huji, minti 15 zuwa 20. Yana sassauta majina. In babu, ba a fasa jinya don shi.

Akwai wani abu da ya shafi mesar da aka kamo daga daji musamman, kuma a nan ne zan juyo kan maganar Inna. Mesoshin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna ɗauke da wata halitta mai kama da tsutsa, fara, mai zobe-zobe a jiki, sunanta Armillifer, wadda a cikin huhun maciji take girma. Ƙwanta yana fita ta yawu da kashi. In ya shiga cikin mutum ta hannu marar wanki, ko ruwa, ko naman maciji da bai dahu ba, 'ya'yan sukan maƙale a hanta da sauran kayan ciki. Yawancin mutane ba sa jin komai, sai a hoton asibiti ake ganinsu, amma akwai waɗanda suke wahala. Akwai kuma tsutsar huhu ta ainihi, wadda ake gano ƙwanta a kashi, a kashe ta da maganin tsutsa. Don haka in ta yi kashi, ɗebi ɗanye a leda ka kai a duba. Ban da wannan, kusan kowane maciji yana iya ɗauke da Salmonella, mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi tsananta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki, da tsofaffi. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko akwatinta. Kwanon ruwanta kada ya je inda ake wanke-wanke. Ƙannenka kada su taɓa. Akwai ma wata ƙwayar bairos da aka bayyana a irin wannan mesa a 2014, nidovirus, wadda ba ta da magani kuma ta fi yaɗuwa inda aka tara macizai da yawa. Ba ta kama mutum, amma ita ce dalilin da ya sa ake ware sabon maciji wata uku kafin a kusanta shi da wani. In wani ya kawo maka na biyu, ka ce a'a.

Ka ga ke nan tsoron Inna ba na banza ba ne, ko da sunan da ta ba shi ba shi ne ba. Kada ka je mata da gardama ko dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san gidan da kububuwa ta yi wa ɓarna. Matar da ta ga haka ba za ka zaunar da ita ka ce "wannan ba ta da dafi" ta ji ba, ko da gaskiya ne. Same ta bayan sallar isha'i, ka durƙusa, ka ce: "Inna, na ji maganarki. Sanyi ne ya kama ta, an ce min ciwon huhu ne. Ki ba ni wata ɗaya in yi mata magani, kada hakkinta ya hau kaina." Inna ta fi ni da kai sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Hukuncin ajiye maciji a gida kuwa fagen malamai ne, ka tambayi na unguwarku. In har ta ce ko kwana ɗaya ba ta yarda ba, gidanta ne, maganarta ce a sama: mayar da akwatin wurin aikinka ko ɗakin aboki mai wuta, ka yi jinyar a can.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka kai ta bayan gari yanzu ka zazzage, ka ce ka 'yanta ta. Mesar da ke numfashi da baki, a tsakiyar hunturu, lokacin ƙonar daji, ba za ta ga sati ba. In ta warke, ka ga ba za ka iya da ɗawainiyar ba, wadda kan kai shekara 20 zuwa 30, to ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka faɗa musu gaskiyar yadda ta zo hannunka. Dama duk dangin mesa suna cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, kuma ajiye naman daji a gida yana son izinin hukuma. Gara ka je da ƙafarka ka tambaya.

Abinci kuwa manta da shi tukuna. Maciji mai ciwon huhu in aka matsa masa ya haɗiya, amayarwa yake yi, aman kuma ya fi yunwar illa. Sai fito ya tsaya, baki ya bushe, harshe ya dawo yana wilƙawa in ka buɗe murfi, sannan ka jira mako guda ka ba ta ƙaramin ɓera, wanda ka tabbata bai ci guba ba. Matacce ya fi, domin ɓera mai rai yakan ciji mesa marar ƙarfi har ƙashi. Ka kuma rage ɗaukarta, sai ranar allura.

Ba zan ɓoye maka ba, wadda ta kai ga buɗe baki tana iya tafiya ko an yi komai daidai. In ka ga ta kife ta kasa juyowa, ko cikin bakin ya koma toka-toka, kada ka jira ranar allura ta zagayo, koma wurin likita a ranar. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ma'aunin ya nuna da asuba da kuma la'asar, da nauyinta duk mako. Bayan allura ta uku ka rubuto min da waɗannan lambobi, musamman na asuba. A gaida min Inna da kyau.